Ƙaramar Manhajar Da Ke Riƙe Da Jarin Masu Batirin Sola

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja, ya wuce Gwagwalada kafin ya kai Abaji, zai ratsa ta garin Yangoji na Ƙaramar Hukumar Kwali. Kamar sauran garuruwan bakin titi, wani kaso na cinikin garin yana rataye ne a kan wutar lantarki: firizar mai sayar da ruwan leda da lemo, da teburin mai cajin waya, da na'urar mai POS, da firjin kantin magani. A 'yan shekarun nan masu irin waɗannan sana'o'i a duk faɗin ƙasar nan sun soma juya wa janareta baya, suna rungumar faifan sola da inbata da batir.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 1999 da aka koma mulkin farar hula, babu wata sanarwa da ta girgiza aljihun mai janareta kamar ta ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta zarce Naira 1,000 a Abuja. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya. Sannan a watan Oktoban wannan shekara ta 2024 akasarin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda saboda lalacewar manyan layukan wuta.

Sai dai kuma akwai wani ɓangare na wannan sabon jari da ba kasafai ake maganarsa ba a wajen ciniki. A jikin inbata ko batir akwai ɗan allo da ke nuna lamba, alal misali kashi 80 cikin ɗari, kuma mafi yawan masu shaguna suna ɗaukar wannan lamba tamkar allurar mai a mota. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. A tankin mota akwai abin da ke yawo a saman mai yana nuna inda ya tsaya, amma babu wata na'ura da za ta leƙa cikin batir ta ga yawan wutar da ta saura. Lambar nan ƙiyasi ce, sakamakon lissafin da wata ƙaramar manhaja ke yi dare da rana a cikin wani allo wanda bai fi tafin hannu girma ba. Ingancin wannan lissafi, da iyakokin da aka rubuta wa manhajar, su ne ke yanke hukunci kan ko batir zai shekara goma yana aiki ko kuwa zai gaji cikin uku. A yawancin kayan sola, batir yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi, kuma shi ne ke riga faifan mutuwa.

A zamanin batirin dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859, al'amarin yana da sauƙi. Batir mai bolt 12 ƙwayoyi shida ne a jere, kowace tana ba da kimanin bolt biyu. Idan ya cika kuma ya huta, mita za ta nuna kusan bolt 12.7, idan ya kai rabi ta nuna wajen 12.1 ko 12.2. Ke nan makanike da 'yar mitarsa yana iya faɗin halin da batir ke ciki ba tare da taimakon kwamfuta ba. Illarsa dai ita ce ba ya son a kwashe fiye da rabin wutarsa, kuma idan aka ja wuta da ƙarfi yakan ba da ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa, abin da wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya bayyana tun a 1897.

Batirin litiyom ya zo da wani hali daban. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda aikin da suka yi a kansa. Nau'in da ya fi yawa a harkar sola a yau shi ne mai haɗin litiyom da ƙarfe da fosfet, wanda ake taƙaitawa da LFP, wanda kuma ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas a tsakiyar shekarun 1990. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.2, kuma idan aka jera guda 16 sai a sami bolt 51.2. Batir irin wannan mai ɗaukar amfiya 100 na awa ɗaya yana riƙe kilowat 5.12 na awa, shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira batirin kilowat biyar. Yana jure zafi fiye da sauran dangin litiyom, kuma ana iya kwashe kashi 80 ko fiye na wutarsa a kullum.

Matsalarsa ita ce ba ya nuna abin da ke cikinsa. Tsakanin kashi 20 da kashi 80 na cikarsa, ƙarfin kowace ƙwaya ba ya canzawa da fiye da kusan kashi ɗaya bisa goma na bolt. Mita ba za ta iya bambance batirin da ya kusa cika da wanda ya kusa ƙarewa ba. Bugu da ƙari, yana da iyakoki masu tsauri: ƙwaya ba ta son ta haura bolt 3.65, ba ta kuma son ta faɗi ƙasa da 2.5, kuma ƙetare waɗannan iyakoki yana lalata ta, wani lokaci ma ya kumbura ta. Wannan ne ya sa ba a sayar da batirin litiyom sai da allon da ke kula da shi, wanda masu sana'ar ke kira BMS.

Aikin wannan allo ya yi kama da na magatakardan shago. Akwai wani guntun ƙarfe da aka ratsa a kan hanyar wutar, wanda ta wurinsa allon ke auna yawan wutar da ke shiga da wadda ke fita sau da yawa a kowace daƙiƙa. Abin da ya shigo daga faifan sola sai a rubuta shi a gefen shiga, abin da firiza ta ja kuma a rubuta shi a gefen fita, sauran da ya rage shi ne lambar da ke fitowa a allo. Wato dai littafin ciniki ne, ba ƙidayar kaya ba.

Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa da littafin da aka daɗe ba a gwada shi da kayan da ke cikin sito ba. A ɗauka ma'aunin yana da ɗan kuskure na kashi ɗaya bisa biyar na amfiya, wanda ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Cikin awa 24 kuskuren ya zama amfiya 4.8, wato kusan kashi biyar cikin ɗari na batir mai amfiya 100. Cikin kwana goma ya kusa kai rabin batirin. Maganin da masu rubuta manhajar suka tanada shi ne, duk ranar da batir ya cika maƙil, har ƙarfin ƙwayoyinsa ya ɗaga kuma wutar da yake karɓa ta ragu ƙwarai, sai manhajar ta share tsohon lissafi ta mayar da shi ɗari bisa ɗari. Wannan shi ne ranar ƙidayar kaya.

A nan ne yanayin wuri ke shigowa cikin lissafi. A yankin Kwali, watannin Yuli da Agusta suna zuwa da hadari da lumshi na kwana da kwanaki, haka kuma hazon hunturu yakan rage hasken rana ya kuma lulluɓe faifai da ƙura. Mai shagon da ya sayi babban batir amma ya yi tsimin faifai zai iya shafe mako biyu batirinsa bai cika ba ko sau ɗaya. Sai a wayi gari allo yana nuna kashi 40, amma wuta ta ɗauke da tsakar dare, ƙanƙara ta narke, kifi ko kaji su lalace. Abin da yakan biyo baya shi ne rigima da dillali kan cewa an sayar da jabun kaya. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, littafin ne ya kauce, kuma caji ɗaya cikakke da janareta ko wutar gwamnati ya isa ya daidaita shi.

Cikawar nan tana da wani amfani na biyu. Ƙwayoyi 16 ba sa tsufa tare. Wata takan riga 'yan'uwanta cika, wata kuma ta riga su ƙarewa, kuma allon yana tsayar da komai ne da zarar ƙwaya ɗaya tak ta taɓa iyaka. Saboda haka mafi raunin ƙwaya ita ce ke yanke wa dukan batirin ƙarfinsa, tamkar ayarin da ba ya wuce saurin gurgun raƙuminsa. Domin rage wannan, allon yakan ɗan zubar da wutar ƙwayoyin da suka yi gaba har na baya su kamo su, kuma a yawancin alluna wannan aiki ba ya farawa sai batir ya kusa cika.

Ƙarƙashin duk wannan akwai wasu 'yan layukan umarni waɗanda masu rubuta manhaja ke kira na hidima, domin ba su ne ainihin aikin ba, su ne dai masu ɗauko wannan su miƙa wancan. Wani layin aikinsa shi ne karanta fayil ɗin da aka rubuta iyakoki a ciki: ƙwayoyi nawa ne, mene ne mafi girman ƙarfin caji, a wane zafi za a rage gudu. Wani kuma yana riƙe da jadawali wanda ke cewa, alal misali, a zafin digiri kaza a bar caji ya tafi gaba ɗaya, a digiri kaza a rage shi zuwa rabi, a digiri kaza a tsayar, sannan ya lissafa abin da ya dace da duk zafin da ya faɗo tsakanin waɗannan matakai. Wannan jadawali ba abin wasa ba ne a shagon da ke da rufin kwano a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke doshin digiri 40. A batirin dalma ma, ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe da sani ita ce duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan digiri 25 yana rage rayuwar batir da kusan rabi.

Wasu layukan kuma aikinsu fassara ne kurum. Wani allo yana aika ƙarfin wuta a matsayin 5320, yana nufin bolt 53.20, wani kuma yana aika 532 da ma'ana ɗaya. Wani kamfani yana rubuta wutar da ke shiga da alamar ƙari, wani kuma da alamar ragi. Idan mai fassara ya juya wannan alama, manhaja za ta ɗauki cin bashi a matsayin ajiya. Kada mai karatu ya raina irin wannan kuskure: a watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangaren manhaja yana ba da lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan kuma yana karɓarsa a matsayin ma'aunin mita. Idan hakan ta faru ga masu biliyoyin Dala, ba abin mamaki ba ne ta faru a bayan kanti.

Fassarar tana da muhimmanci ne saboda batir da inbata galibi ba kamfani ɗaya ke ƙera su ba. Idan an haɗa su da wayar sadarwa, batir yakan riƙa gaya wa inbata a kowane lokaci yawan cajin da zai iya ɗauka da kuma inda ya kamata ta tsaya. Hanyoyin da ake bi tsofaffi ne: akwai CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986 domin motoci, da kuma RS485 wadda sau da yawa ke tafiya da tsarin Modbus na shekarar 1979. Sai dai hanya ɗaya ba ta nufin harshe ɗaya, domin kowane kamfani yana tsara saƙonninsa yadda ya ga dama. Kamfanin Victron Energy na ƙasar Holan ya buɗe wani sashe na manhajar na'urorinsa, mai suna Venus OS, ga duk mai son dubawa. A dalilin haka wasu 'yan sa-kai suka rubuta wata manhaja ta kyauta mai suna dbus-serialbattery, wadda ke fassara harsunan alluna iri-iri domin waɗannan na'urori su fahimce su. An rubuta ta da harshen kwamfuta na Python, kuma fayil ɗin iyakokinta a buɗe yake, duk mai ilimin abin yana iya karantawa ya ga lambar da ke tsare jarinsa.

Inda ba a haɗa wayar sadarwa ba, wanda shi ne abin da aka fi gani a ƙananan shaguna, inbata tana aiki ne da lambobin da mai haɗawa ya danna mata da hannu a ranar farko. Kurakurai biyu sun fi yawa a nan. Na farko shi ne barin inbata a kan tsarin batirin ruwa, wanda ke ɗaga caji lokaci-lokaci zuwa bolt 60 ko fiye domin wanke farantan dalma, alhali iyakar ƙwayoyi 16 na LFP ita ce 58.4. Na biyu ya fi ɓoyuwa: a kasuwa akwai batura masu ƙwaya 15, kamar wasu samfuran kamfanin Pylontech, da masu ƙwaya 16, kuma dukansu ana kiransu masu bolt 48. Iyakar mai ƙwaya 15 ba ta kai bolt 55 ba. Idan aka ba shi cajin mai 16, allonsa zai riƙa katse wuta kullum domin kare kansa. Wannan katsewa birkin gaggawa ne, ba a yi shi domin a riƙa takawa kowace rana ba.

Ta fuskar tattalin arziki, ga yadda lissafin yake. A ɗauka, domin misali kawai, an sayi batirin kilowat biyar kan Naira miliyan biyu, ana kuma cin kimanin kilowat huɗu daga cikinsa kowane dare. Idan ya yi zagaye 4,000 na cika da ƙarewa, wato kusan shekara goma sha ɗaya, ya ba da kilowat 16,000, kowane ɗaya ya tashi a kan Naira 125. Idan zafi da mugun saiti suka gajiyar da shi a zagaye 1,500, abin da ya bayar 6,000 ne, kowane ɗaya kuma ya haura Naira 330, tun ba a sa kuɗin faifai da inbata ba. Kaya ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne aka biya, amma a hali na farko ya fi wutar rukunin A ta 2024 araha, a na biyu ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Gaskiya ne farashin batir yana sauka a duniya: ƙididdigar BloombergNEF ta nuna matsakaicin farashi ya faɗo daga Dala 139 kan kowane kilowat na awa a 2023 zuwa Dala 115 a 2024. Amma a daidai wannan lokaci Naira ta faɗi daga kimanin 460 kan Dala ɗaya kafin watan Yunin 2023 zuwa fiye da 1,500 a watan Fabrairun 2024, abin da ya haɗiye rangwamen tun kafin ya iso tashar jiragen ruwa ta Legas.

Manyan masu zuba jari sun riga ƙananan 'yan kasuwa fahimtar wannan. A cikin ita wannan Ƙaramar Hukuma ta Kwali, kamfanin Havenhill Synergy ya kafa ƙaramar tashar sola mai ƙarfin kilowat 20 a ƙauyen Kigbe a shekarar 2017. A Kano, Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, REA, ta ƙaddamar da tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 a watan Satumban 2019, kuma a watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 750 domin shirin DARES na faɗaɗa irin wannan aiki. Masu gudanar da tashoshi na zamani suna aika bayanan baturansu ta layin wayar salula zuwa ofis, domin kuɗin wutar da suke karɓa daga jama'a an gina shi ne a kan zaton cewa batir zai kai wasu shekaru. Haka nan kamfanonin da ke ba da sola bashi a biya kaɗan-kaɗan, irin su M-KOPA da ya faro daga Kenya, da manhaja suke buɗe na'ura ko su rufe ta, da ita kuma suke sanin lafiyar kayan da suka ba da lamuni a kansu.

Abin da ya kamata ƙaramin ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, allon batirinsa ma yana riƙe da irin wannan tarihi: zagaye nawa ya yi, sau nawa ya yi zafi fiye da kima, sau nawa ya katse. Ranar da aka koma neman haƙƙin garanti, wannan tarihi ne kamfani zai karanta, ba bayanin baki ba, kuma takardun garanti da dama sun gindaya sharaɗin iyakar zafi da irin inbatar da aka yarda a haɗa. Saboda haka ya dace mai saye ya nemi a nuna masa adadin zagaye da ƙarfin kowace ƙwaya tun kafin ya biya, wanda a batura da yawa ana iya gani ta wayar hannu, ya kuma sa mai haɗawa ya rubuta masa lambobin da ya danna wa inbata a kan takardar ciniki. Idan an sa wa saitin lambar sirri, mai kaya ne ya cancanci ya riƙe ta. Dole a ƙara da cewa wannan dubawa ba ta isa ita kaɗai ba, domin mai haɗa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati yana iya sa musu sabon allo wanda tarihinsa ya fara daga sifiri, ya kuma rubuta masa amfiya 200 a kan ƙwayoyin da ba su fi 120 ba. Allon zai maimaita abin da aka gaya masa ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika batir, a ɗora masa kayan da aka san yawan wutar da suke ci, a duba agogo.

A watan Mayun 2024 an buɗe masana'antar sarrafa duwatsun litiyom ta kamfanin Avatar a Jihar Nasarawa, maƙwabciyar Babban Birnin Tarayya, sai dai ƙwayoyin batir da allunan da ke kula da su har yanzu daga waje ake shigo da akasarinsu, musamman daga ƙasar Sin. Ɓangaren da ba ya bukatar kuɗin musaya na ƙasashen waje shi ne saiti da karanta bayanai da gyaran fassara tsakanin na'urori, aikin da kayansa ba su wuce ƙaramar kwamfuta da wayar haɗi ta 'yan dubban Nairori ba, kuma Jami'ar Abuja da ke koyar da injiniyan lantarki tana kan wannan hanya ɗaya da Yangoji, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota.